Yadda Toza Wanzami Ya Samo wa Saje Obrad Ɗa

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Svetozar wanzami, wanda duk garinmu ke kira Toza, ya san askin ba shi ne aikin ba, jure surutun ne aikin. Zai shafa maka kumfa a fuska, ya ɗaga aska, sai ya tuna da labarin wani kifi da surukinsa ya kama, kumfar ta bushe, ya sake shafawa. Masu sauri kan tafi gida da rabin gemu.

Shagonsa yana kan gangaren da ke sauka bakin kogin Dunav, tsakanin mai gasa burodi da mai ɗinkin taru. Kujera ɗaya, madubi ɗaya mai tsaga a kusurwa, sai murhun ƙarfe da zaunannun gari ke kewayewa da sunan jiran layi. Shi kansa Toza sanƙo ne tal kamar ƙwan agwagwa, amma a kan kantarsa akwai kwalaben man tsiro da gashi na sayarwa. In an ce masa ya fara gwadawa a kansa, sai ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa, ɗan'uwa. Kai dai saya."

Abin taƙamarsa a duniya shi ne Jamusanci. A yaƙin baya sojan Ostiriya suka kama shi, ya yi zaman fursuna yana aske hafsoshinsu, ya dawo da harshen a aljihu. Matarsa Lepa takan ce Jamusancin nasa ko akuya ba za ta waiwayo ba in an kira ta da shi. 'Ya'yansu mata duk sun yi aure a ƙauyukan tudu, gidan ya rage daga shi sai ita, yana magana tana saƙa safa tana cewa "to".

A farkon hunturun da yaƙi ya ɓarke a Poland, aka jawo wani tsohon jirgin dakon hatsi aka ɗaure shi a mashiginmu. Ba hatsi a ciki, mutane ne. Yahudawa ne daga Vienna da Poland, sun gudo daga hannun Jamusawa, suna son su bi kogi zuwa teku, daga can su kama hanyar Falasɗinu. Romaniyawa da ke ƙetaren ruwa suka ce ba mai wucewa sai an nuna musu jirgin da ke jira a teku. Turawan Ingilishi da ke riƙe da Falasɗinu suka ce ba su gayyaci kowa ba. Hukumarmu ta ce to, ba mai saukowa ƙasarmu, su zauna a kan ruwa, ruwa ba na kowa ba ne. Ana cikin wannan ja-in-ja kogin ya daskare, jirgin ya kafe a ƙanƙara, gaba kura baya sayaki.

Aka sa Saje Obrad da yaransa gadin su. Obrad ɗan gari ne, ƙato mai wuya kamar na bijimi, wanda Toza ya aske tun yana zuwa shago da majina a hanci. Ba mugu ba ne, tsoron na sama da shi ne ya yi masa yawa. Ko atishawa zai yi, sai ya fara duba ko umarni ya yarda.

Masunta kan tura musu burodi da wake a kan ƙanƙara, 'yan'uwansu Yahudawan Beograd, babban birninmu, kan aiko da abin da ya samu. Hukuma kuwa kunnen uwar shegu ta yi, har ranar da wani ya raɗa mata cewa ƙwarƙwata ta cika jirgin, kuma ƙwarƙwata kan kawo zazzaɓin da bai san Bayahude da Basarbe ba. Nan take umarni ya iso: a aske kowa.

"Ka ga mutanenmu," in ji Toza yana zuba almakashi a jaka. "Mutum ya mutu da sanyi ba komai, amma ya mutu da kai a aske."

"Kawu Toza, ka rage baki," in ji Obrad. "Aski aka ce ka yi, ba wa'azi ba."

Suka taka ƙanƙara suka hau. Cikin jirgin duhu ne, ga warin mutane da hayaƙin murhu ɗaya da ba ya ɗumama ko kyanwa. An jera katako hawa-hawa ana kwana a kai. Toza ya kafa akwati a inda haske ke saukowa ya fara aiki, bakinsa na zuba. Abin mamaki, sun ji Jamusancinsa, har wata mata ta yi dariya ta gyara masa kalma. Da ya zo kan tsofaffi masu gemu ya ga suna riƙe da shi hannu bibbiyu, sai ya aske kai ya bar gemun, ya ce wa Obrad ai umarnin bai ambaci haɓa ba.

Can wajen la'asar ya hango wata 'yar mitsitsiya a cinyar uwarta, gashi har kafaɗa, ja-ja mai murɗewa.

"Zo nan, amarya," ya ce. "Kawunki ba ya cizo."

"Namiji ne," in ji uwar. "Sunansa Zelik."

Sunanta Feiga. Ta ce a wurinsu ba a taɓa gashin ɗa namiji sai ya cika shekara uku, ranar nan ubansa zai ɗora shi a cinya, dangi su taru, a yi askin farko. Zelik ya cika ukun a cikin jirgin nan. Uban kuwa an ɗauke shi a kan titi a Vienna, ya fita sayo madara bai dawo ba.

Yaron ya yi tari. Toza ya aske kawunan yara fiye da ƙirga, ya kuma raka wasu maƙabarta, ya san irin wannan tarin mai fita daga ƙasan ƙirji. Wani likita cikin 'yan jirgin ya matso ya ce masa a hankali, in yaron bai samu ɗaki mai ɗumi da madara ba, ba zai ga narkewar ƙanƙara ba.

Toza ya juya ga Obrad, wanda bai ji ko kalma ɗaya daga abin da aka faɗa ba. "Saje, yaron nan zai mutu. Bari in kai shi wajen Lepa ya ji ɗumi, in ya warke in dawo da shi."

"Ba mai sauka."

"Ai ba sauka zai yi ba, ɗaukarsa zan yi."

"Kawu, kakin nan da kake gani shi ke ciyar da tsohuwata. Ba mai sauka."

Toza ya naɗe almakashinsa ya ce haske ya tafi, yaron sai wani jiƙon.

Washegari ya rufe shago ya shiga zagaye. Shugaban gari ya ce abin da ke kan ruwa na mai kula da mashigi ne. Mai kula da mashigi ya ce shi jirgi yake kulawa, mutanen ciki na 'yan sanda ne. Babban ɗan sanda ya ce sai Beograd ta yi magana, ya kuma tambayi Toza ko zai biyo ya gyara masa gashin baki. Kowa ya ba shi kujera, kowa ya girgiza kai ya ce abin tausayi, ba wanda ya tashi daga mazauninsa.

Ya dawo gida ya zauna gaban tuwon masara da kabeji bai ce uffan ba. Lepa ta ajiye saƙa ta taɓa goshinsa.

"Tsoho, lafiya? Tun da na aure ka ban taɓa jin ƙarar agogon gidan nan ba sai yau."

Ya ba ta labari. Ta ce, "Shi Obrad ɗin wa yake tsoro fiye da Beograd?"

"Uwarsa."

"Ita kuma Stanija wa take tsoro?"

"Allah. Sai kum."

Ya faɗa, ya tsaya da cokali a hannu. A wurinmu duk wanda ya fara sa almakashi a gashin da yaro ya zo da shi duniya, ya zama kum ɗinsa, gidansa da gidan yaron sun zama ɗaya har jikoki. Ba a coci ake yi ba, ba ruwan abin da addini, kakanninmu sun ƙulla shi da Turkawa ma. Allah a sama, kum a ƙasa, haka muka taso muka ji. Mutum zai iya zagin ɗan'uwansa, ya kai ubansa ƙara, amma wanda ya bar ɗan kum a ƙofa cikin sanyi, ko karnuka ba sa cin burodin gidansa.

"Ni zan iya zama kum ɗin," in ji Toza, "amma ni ba ni ke riƙe da bindiga ba."

"To ka ba mai bindigar almakashi," in ji Lepa, ta miƙa masa sabuwar safar ulu da ta gama saƙawa.

Da safe ya sa dunƙulen kakin zuma a aljihu, ya ce wa masunta biyu masu kai burodi su biyo shi su sha kallo. A cikin jirgin ya durƙusa gaban Feiga kamar mai duba kan yaro, ya faɗa mata komai da Jamusancinsa na fursuna. Bai ɓoye mata ba: in abin ya yiwu, wataƙila yaron kaɗai zai fita.

"Wankan coci ne?" ta tambaya.

"Ba ruwa, ba gicciye, ba limamin coci. Gashi ne kawai."

Ta daɗe tana kallon yaron. Ya sake yin tarin nan. Ta ce, "Ubansa ya kamata ya riƙe shi." Sai ta gyara masa zama a cinyarta, ta ɗaga masa haɓa.

Toza ya ɗauki almakashi, ya sake shi ya faɗi, ya soka hannuwa a hammata yana rawar ɗari.

"Wayyo yatsuna! Saje, yi wa Allah, riƙe min. Ɗan datse min wannan na gaban goshi kafin jini ya dawo, kar mu kwana a nan."

"Ni ɗan sanda ne, ba yaron shagonka ba."

"Ka taɓa yi wa tumaki sausaya ai. Wannan ma ba ya shuri."

Obrad ya yi tsaki, ya rataya bindiga, ya sunkuya ya datse. Shi a ganinsa aikin ƙwarƙwata yake tayawa.

"Yawwa. Nan ma, bayan kunne. Da nan ƙeya. Kai, Saje, ka ɓata rayuwarka a aikin ɗan sanda."

Wuri uku, kamar yadda ake yi. Hannuwan Toza suka warke nan take, ya tsince gashin ya cusa cikin kakin zuma ya mulmule. Feiga ta miƙe ta ɗora wa Obrad safar ulun Lepa a kafaɗa, kyautar da ake ba mai askin farko, ta faɗi kalma ɗaya da aka koya mata: "Kum."

Masuntan suka cire huluna. Obrad ya dubi safar, ya dubi kakin zuman, ya dubi yaron, wuyansa ya yi ja.

"Kawu Toza, me ka yi min?"

"Ni? Ni hannuna na hammata, ga shaidu. Gashin ciki ne, ba a taɓa taɓa shi ba. Allah ya sanya alheri, kum."

"Ba a sanar da ni ba! Bai ɗauru ba!"

"Je ka faɗa wa Stanija haka."

Kafin Obrad ya taka tudu labari ya riga shi. Mai burodi ya leƙo ya ce, "Saje, ya jikin yaronka?" Mata a bakin rijiya suka yi masa barka. Yara suka bi shi suna tambayar ranar walima. Da ya isa gida ya tarar tsohuwa Stanija ta kife tukunya ta zauna a kai.

"Babu abinci," ta ce. "Ɗan kum ɗinka na kwana a kan ƙanƙara kai kana neman miya? Ubanka ya tafi da ƙafa cikin dusar ƙanƙara har ƙugu don ya kai wa kum ɗinsa itace. Ashe kaki na haifa ba ɗa ba."

"Inna, yaudarata aka yi."

"Hannun wa ya riƙe almakashin?"

Ita da kanta ta dogara sanda har shagon Toza, ta muƙa masa ɗaya a gadon baya saboda ya yi wa ɗanta wayo, sannan ta zauna bakin murhu ta tambayi sunan yaron da irin abin da yake ci.

Obrad ya yi ta maza na 'yan kwanaki, yana cin burodi busasshe a wurin gadi. Ran nan ya shigo shago ya kori zaunannu, ya faɗa kujera ya ce a aske shi. Toza ya shafa kumfa, ya ɗora aska a maƙogwaronsa, ya jira.

"Yaron kaɗai," in ji Obrad yana kallon silin. "Yara suna mutuwa a jirgin nan, ba mai zuwa ganin gawa. In an tambaya zan ce tari ya ɗauke shi."

"Uwar fa? Ita ma kum ce."

"Manya an san fuskokinsu, hafsa na zuwa yana dubawa. In ta ɓace za a cire ni a kawo baƙo, shi kuma ko burodi ba zai bari a kai ba. Kawu, kar ka ja igiyar ta tsinke."

Toza ya sunkuya da aska. Ya aske shi tsaf, karo na farko ba tare da kumfa ta bushe ba.

Da rana tsaka aka yi abin. Feiga ta sa wa yaron duk abin da take da shi mai ɗumi. Ta roƙi Toza ya gutsura mata kaɗan daga kakin mai gashi, ta ƙulle a bakin ɗankwalinta. Ta ce masa abu biyu take so: kar yaron ya manta sunansa, kuma in ya yi wayo a gaya masa ba yar da shi ta yi ba. Obrad ya buɗe babban kwat ɗinsa ya cusa yaron ya maɓalle, ya sauko yana tafiya kamar mai ciki wata tara. Yaransa masu gadi duk suka juya suna nazarin gaɓar Romaniya, kamar ranar suka fara ganinta.

Lepa ta kwantar da shi bayan murhu, ta yi ta ɗura masa madara da zuma, Stanija na zuwa kullum da ƙwai tana kushe yadda ake renon. Toza ya ƙarasa askin da Obrad ya fara a karkace. Da gashin ya tafi, sai ga yaro kamar kowane yaron gangare. Unguwa ta juya sunan ya koma Zeljko. Kullum Toza ya je jirgi aski yakan kai wa Feiga rahoto: yau ya ci ƙwai biyu, yau ya ja wa kyanwa wutsiya, yau ya zagi Obrad da Sarbiyanci. Tarin ya yi sauƙi, sannan ya tafi.

Ƙanƙara ta narke, jirgin bai motsa ba. Romaniyawa na jiran Ingilishi, Ingilishi na jiran yaƙi ya ƙare, Beograd na jiran kowa. Feiga ta ce a bar yaron inda yake sai ranar da aka buɗe hanyar teku. Sai ga wata safiya jirgin da ke jan jirage ya iso, mutanen ciki suka fito sama suna murna. Da aka ɗaura igiya aka ja, sai goshin jirgin ya juya sama, inda suka fito, ba ƙasa wajen teku ba. An ce za a kai su wani gari a ajiye, don mashiginmu ana bukatarsa.

Toza ya bar mutum da kumfa a kujera, ya suri yaron ya ruga bakin ruwa. Zai iya miƙa shi, kwale-kwalen masunta na nan. Ya ɗora shi a wuya ya tsaya inda za a gan su. Feiga na jikin ƙarfen jirgin. Ta ga askakken kan, ta ga kumatun da suka ciko. Toza ya nuna kwale-kwalen da hannu. Ta girgiza kai, ta ɗaga tafin hannu ta tura iska, alamar ya koma da shi. Ya tsaya a nan har jirgin ya sha kwana, yaron na buga masa sanƙo kamar ganga, kuma waɗanda ke wurin sun rantse bai ce komai ba.

Ba a daɗe ba Jamusawa suka shigo ƙasarmu. Manyan da suka ce a jira umarni su suka fara cika motoci suka gudu. Mutanen jirgin ba su da inda za su gudu. Labari ya zo a guntu-guntu: an harbe mazan a wata gona, an kwashe mata da yara cikin hunturu, ba wanda ya dawo. Duk garinmu ya san ɗan wane ne ke wasa a ƙofar shagon Toza, har da masu tsegumin da ba sa iya riƙe sirrin kaza, amma ba wanda ya so a ce shi ya sayar da ɗan kum. Sau ɗaya wani sojan Jamus ya nuna yaron ya tambaya. Obrad, wanda ya riga ya tuɓe kaki ya koma kamun kifi, ya ce, "Ɗan kum ɗina ne, ni na yi masa askin farko." Bai yi ƙarya ba, shi ya sa fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Toza ya cika alkawari. Da yaƙi ya ƙare ya zaunar da yaron a kujerar aski, ya ɗauko dunƙulen kaki mai gutsure a gefe, ya faɗa masa sunansa, da sunan uwarsa da na ubansa, da inda gutsuren ya tafi. Bayan nan kowace shekara yakan maimaita, yana ƙara tsawon labarin da ƙarfin sanyin da girman wautar Obrad. Zelik ya girma a shagon, ya gaji aska, amma bai gaji baki ba, abin da ya sa cinikinsa ya fi na Toza.

Da Zelik ya yi aure ya haifi ɗa, ya sa masa sunan ubansa, Hersh, ya kuma hana kowa taɓa gashinsa har ya cika uku. Ranar ta faɗo tsakiyar bazara, ana zufa. Ya ɗora yaron a cinyarsa a ƙofar shago, unguwa ta taru, aka kawo barasar rakija da burodi. Obrad ya zo da sanda, ya tsufa, wuyan bijimin ya zama na zakara. Toza, wanda idonsa ya riga ya dushe, ya lalubo tsohon almakashin, ya sake shi ya faɗi, ya soka hannuwa a hammata.

"Wayyo yatsuna! Saje, yi wa Allah, riƙe min."

"Tsohon banza," in ji Obrad. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya share ido da bayan hannu, ya datse na gaban goshi, a karkace kamar wancan karon.